Daga Fadar Zaki Zuwa Gandun Nomau

(Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar a babban taron ƙungiya, Sabo, Ibadan)

 



Da aka yi shelar cewa kwamitin ilimi zai yi magana a kan littattafan ƙagaggun labarai, mun san akwai waɗanda suka ce a ransu, ga zaɓen shugabannin ƙungiya ya ƙarato, ga maganar kuɗin asusu ba a gama ba, su kuma 'yan bokon nan sai su tara mu su yi mana ga ta nan ga ta nanku? To, a yi mana haƙuri. Tatsuniyar da muka zo da ita ita ce maganar zaɓen, ita ce kuma maganar asusun, sai dai mun zagayo da ita ta bayan gida, kamar yadda kakanninmu suka saba yi idan magana ta yi wa baki nauyi.

Bahaushe tun tale-tale ya san ba kowace gaskiya ake faɗa wa mai mulki ido da ido ba. Shi ya sa muke da habaici, muke da zambo, muke da gugar zana. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka zaga shi ma ya sani, amma babu sunan da aka kama balle a kai ƙara gaban alƙali. Labarin dabbobi kuwa shi ne babban habaici. Dukkanmu mun taɓa jin labarin zaki da kura da dila da suka fita farauta, suka kamo jakin dawa da barewa da zomo. Zaki ya ce wa kura ta raba. Kura ta ce jaki na sarki, barewa tata, zomo na dila. Kafin ta rufe baki zaki ya kai mata mari har ido ya yi waje. Ya juya ga dila ya ce shi ya raba. Dila ya ce jaki na kalacin sarki da rana, barewa na dare, zomo kuwa sarki ya ɗan taɓa kafin a gama girki. Zaki ya yi murmushi ya ce, wa ya koya maka rabo mai kyau haka? Dila ya ce, marin da kura ta sha.

Muna yara mukan ƙyalƙyale da dariya, mu ce lallai dila malamin daji ne. Amma jama'a ku duba da kyau. Dila da yunwa ya koma gida. Abin da ya fi wannan muni, ya koya wa zaki cewa mari yana biya, gobe ma haka za a yi rabo. Wanda ya fara tsara wannan labari ya zauna a fada, ya ga yadda ake yi.

Malamanmu da ke zaune a nan sun san littafin Kalila wa Dimna. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, ya biyo ta Farisa, sannan Abdullahi ɗan Muƙaffa'u ya mayar da shi Larabci wajen shekara ta 750 Miladiyya. A cikinsa akwai dila mai suna Dimna da ya shiga tsakanin zaki da amininsa bijimi, ya yi ta kai gulma nan da can har zaki ya kashe aminin nasa, duk don kada wani ya fi shi kusa da sarki. Wannan littafi ya shiga fadojin sarakuna lafiya lau, ana karanta shi ana jin daɗi. Amma shi ɗan Muƙaffa'u kashe shi aka yi a Basra bayan 'yan shekaru, a zamanin Halifa Mansur, kuma abin da masu tarihi suka fi ambata a kan dalili shi ne wata takardar alkawarin aminci da ya rubuta, wadda ta ɗaure halifan tamau ta hana shi wurin zillewa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Mai mulki yakan iya jure tatsuniya. Rubutacciyar ƙa'idar da za ta ɗaure hannunsa ita ce ba ya jurewa.

A ƙasarmu an yi waɗanda ba su tsaya habaici ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa ayyukan sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu na Hausa, har da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da jangali, da ƙwace dukiyar mutane. Wannan magana ce ta malamin da ya shirya wa hijira da abin da zai biyo bayanta. Marubucin da ke cin albashi a ƙarƙashin Turawa da En'e kuwa dole ya nemi wata hanya. Alhaji Abubakar Imam ya zauna a Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, aka fara buga shi a 1937, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wanda duk ya yi firamare a Arewa ya san Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa, da mugun Wazirin da ya haɗa baki da Sarkin Sinari don ya gaji gadon sarauta, da akun da ya yi ta jan Musa da labari dare bayan dare har sarki ya dawo daga yaƙi. Ƙarshenta asirin Waziri ya tonu, aka naɗa tsuntsu a matsayinsa. Ku auna wannan: a ƙasar da ake gadon sarauta, marubuci ya ba tsuntsun da aka sayo rawanin Waziri saboda ya fi kowa hankali da riƙon amana. Wanda ya ji ya ji.

Duk da haka akwai abin da ya kamata mu faɗa game da labaranmu na gargajiya, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Kusan kullum sarki mutumin kirki ne, waziri ne mugu. Zaki ba shi da laifi, Dimna ne ya zuga shi. Idan an kori waziri shi ke nan gari ya zauna lafiya. Wannan tunani ya bi jininmu har yau. Gwamna ya yi shekara takwas asibiti babu magani, sai ka ji ana cewa ai shi mutumin kirki ne, na kusa da shi ne ba sa gaya masa gaskiya. To wa ya zaɓo na kusa da shin? Wa ya kori wanda ya gaya masa gaskiyar? A ganinmu wannan wata hanya ce da muka samo ta yin kuka ba tare da mun ɓata da kowa ba, kuma masu mulki sun fi kowa jin daɗinta.

Littafin da ya karya wannan al'ada a harshenmu, a nan garin Badun aka buga shi. A 1975 maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta fitar da Gandun Dabbobi, fassarar da Malam Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin wani Bature ɗan Ingila, George Orwell. Shi Orwell ya taɓa zama ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Bama, ya ga zalunci daga ciki, ya ajiye aikin. Ya rubuta littafinsa ne a kan juyin juya halin Rasha na 1917 da yadda Stalin ya mayar da shi mulkin mutum ɗaya. Kamfanonin ɗab'i da dama a Landan sun ƙi karɓarsa, don a lokacin Rasha abokiyar yaƙin Ingila ce a kan Hitila, sai a watan Agusta na 1945 ya fito. Daɗin daɗawa, da yaƙin cacar baki ya kankama, hukumar leƙen asirin Amurka ta zuba kuɗi aka yi fim ɗinsa a 1954, aka sauya masa ƙarshe don ya dace da bukatarta. Wato littafin da ke kashedi a kan masu murɗe magana shi ma bai tsira daga hannunsu ba.

Gwanintar Malam Bala ita ce bai bar labarin a Ingila ba, ya ɗauko shi ya dasa a karkararmu. Mai gandu ya zama Nomau. Tsohon aladen da ya fara wa dabbobi huɗubar 'yanci ya zama Dattijo. Aladu biyu masu takarar shugabanci suka zama Maitumbi da Ɗantulu, kakakin gwamnati ya zama Karambana, ƙaƙƙarfan dokin nan Akawal, tsohon jaki kuma Aura. Wanda ya san dabbobi ya san akawal baƙin doki ne, aura kuma launin jaki ne, Maitumbi da Karambana kuwa ba sa bukatar sharhi. Mun san akwai iyayen da kan ga alade a littafi su ce kada ya shigo musu gida. Allah ya ba ku haƙuri, ai ba yabon alade aka yi a ciki ba. Da za a nemi dabbar da za a siffanta azzalumi da ita, mu Musulmi ma da ita za mu zaɓa.

Ga yadda labarin yake, don waɗanda ba su karanta ba. Nomau mashayi ne, yana bautar da dabbobinsa yana barinsu da yunwa. Ran nan tura ta kai bango suka kore shi, suka karɓi gandu, suka rubuta dokoki bakwai a jikin bango waɗanda suka haramta duk wata ɗabi'a ta ɗan Adam, suka kuma daidaita kowa da kowa. Ku lura, babu wanda ya zalunci dabbobin nan daga waje bayan wannan rana. Azzalumin daga cikinsu ya fito, cikin waɗanda suka jagoranci gwagwarmayar, kuma bai fito rana ɗaya ba.

Abu na farko da ya faru ƙarami ne ƙwarai. An tatsi shanu, aka tafi gona, da aka dawo madara ta ɓace. Daga baya aka ji cikin abincin aladu ake zuba ta. Karambana ya zo ya yi bayani cewa ba don kwaɗayi ba ne, su masu aikin ƙwaƙwalwa ne, in ba su ci mai kyau ba tunani zai tsaya, in tunani ya tsaya kuwa Nomau zai dawo. Akwai mai son Nomau ya dawo? Kowa ya yi tsit. A nan aka ci dabbobin nan da yaƙi, a kan ƙwaryar nono, tun ba a zub da jinin kowa ba. Duk abin da ya biyo baya ƙari ne kawai.

Na biyu, karnuka suka haihu, Maitumbi ya kwashe 'yan kwikwiyo tara ya ce shi zai ɗauki nauyin tarbiyyarsu. Aka manta da su. Ranar da aka zo ƙuri'a a kan aikin injin da iska ke juyawa, aka ga hujjar Ɗantulu za ta rinjaya, sai Maitumbi ya yi wata irin ƙara, sai ga ƙarti tara sun faɗo cikin taro sun fatattaki Ɗantulu har ya bar gandun. A ranar aka soke taron mako-mako da ake muhawara a cikinsa, aka ce ɓata lokaci ne, kwamitin aladu zai riƙa yanke shawara a sanar da sauran. Daga nan duk abin da ya lalace, ko iska ce ta rushe gini, sai a ce Ɗantulu ne ya shigo da dare. Samarinmu na bakin ƙofa, wannan sashe naku ne. Duk wanda ya ware ku daga iyayenku da malamanku, yana ba ku na kashewa da abin da ke gusar da hankali, bai gaya muku ranar da zai bukace ku ba, to kiwo yake yi.

Na uku shi ne dokokin bango. Aladu suka koma gidan Nomau suna kwana a gado. Wata dabba ta ce kamar akwai dokar da ta hana. Aka je bango aka duba, sai aka tarar an ƙara 'yan kalmomi a ƙarshen dokar waɗanda suka buɗe ƙofa. Haka aka yi wa dokar shan giya, haka aka yi wa dokar kisa, bayan an tara dabbobi an sa wasu sun amsa laifin da ba su yi ba karnuka sun yayyaga su a gaban kowa. Wani dare ma aka ji faɗuwa, aka fito aka tarar da Karambana a ƙasa, ga tsani a karye, ga gwangwanin fenti, amma kusan duk ba su gane abin da suka gani ba. Me ya sa? Yawancinsu ba su iya karatu ba. Akawal duk ƙarfinsa haruffa huɗu ya iya riƙewa. Kowane mako Karambana yakan karanto musu lissafi cewa amfanin gona ya ninka, cikinsu na kukan yunwa amma ba su da takardar da za su ƙaryata shi da ita.

Ƙarshen Akawal shi ne wurin da mai karatu kan ajiye littafin ya yi shiru. Dokin nan shi ne ya fi kowa aiki, yana tashi kafin kowa, duk abin da ya dame shi maganinsa a wurinsa shi ne ya ƙara ƙwazo, kuma ya sakankance shugaba ba ya kuskure. Da ƙarfinsa ya ƙare ya faɗi a bakin aiki, aka ce za a kai shi asibiti. Mota ta zo ta ɗauke shi, dabbobi na yi masa sai ka dawo. Aura ne kaɗai ya karanta rubutun jikin motar, ya ga ta mahautan dawaki ce, masu dafa ƙashi da fata. Ya kwarma ihu, amma mota ta riga ta kai ƙofa. Kuɗin da aka samu kuwa aladu suka sayi akwatin barasa da shi. Mu da muke harkar shanu mun san abin da ake yi da san noma idan ya tsufa, ba sai an fassara mana ba.

To amma mu a kwamiti, da muka tattauna littafin nan, ba Maitumbi ne ya fi tsaya mana a rai ba, Aura ne. Jakin nan ya iya karatu kamar kowane alade. Ya ga an taɓa dokar farko, ya ga an taɓa ta biyu, ya fahimci abin da gwangwanin fenti ke yi a gindin bango da tsakar dare, ya kaɗa kai ya yi shiru, don shi a ganinsa duniya haka take, ba a gyara ta. Bai buɗe baki ba sai ranar da abin ya zo kan amininsa. Mu 'yan boko da almajiran da ke cikin wannan zaure, waɗanda in an miƙo takarda mu ake ba mu karanta, mu ne Aura.

Ku tuna kuma shekarar da fassarar ta fito. A watan Oktoba na 1974 Janar Gowon ya ce alkawarin miƙa mulki a 1976 ba zai yiwu ba. A 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Ikko saboda odar da ta wuce hankali. Ranar 29 ga Yuli aka kifar da shi, Murtala ya hau, aka sallami ma'aikata wajen dubu goma, binciken da aka yi kuma ya sami gwamnoni goma cikin goma sha biyu da laifi. Ɗalibin da ya buɗe Gandun Dabbobi a wannan shekara bai bukaci a gaya masa labarin Rasha ba. Bayan 'yan shekaru marubutanmu suka fara nasu kai tsaye, irin su Sulaiman Ibrahim Katsina da ya fito da Turmin Danya a 1982, a kan attajirin ɗan fasa-ƙwauri da ya saye masu hukunci, da Tura Ta Kai Bango a 1983.

Masu masaukinmu Yarabawa su ma gwanaye ne a wannan fage, kuma abin nasu a kan idon iyayenmu ya faru. A 1964 Hubert Ogunde ya nuna wasansa Yoruba Ronu a nan Ibadan, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba. A lokacin Awolowo na kurkuku, Akintola na kan kujerar Firimiya, kuma yana zaune a wurin. Ba a ambaci sunansa ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya tashi ya fita, gwamnatinsa ta haramta wa Ogunde wasa a duk Jihar Yamma, ba a ɗage ba sai bayan juyin mulkin Janairu 1966. Wole Soyinka a 1965 ya fito da wasan Kongi, shugaban wata ƙasa ta ƙage da ya tara masana suna ƙera masa kirari, ya kuma dage sai basarake ya miƙa masa sabuwar doya da hannunsa a gaban jama'a. Chinua Achebe, wanda shi ma a kwalejin jami'a ta nan ya yi karatu, ya rubuta labarin Minista Nanga ya ƙare shi da juyin mulkin soja, littafin ya fito a watan da sojoji suka yi na gaske, har wasu suka zarge shi da cewa da saninsa. A Kenya kuwa abin ya zama abin dariya: Ngugi ya ƙago wani mutum mai suna Matigari da ke yawo yana tambayar ina gaskiya da adalci, gwamnatin Moi ta ji labari ta sa a kamo shi, da aka gane mutumin cikin littafi yake sai aka kwashe littafin daga kantuna a 1987.

Yanzu bari mu taɓa inda ke da zafi. Mun san a wannan zaure akwai masu ƙaunar marigayi Janar Sani Abacha, suna tuna hanyoyi da magungunan PTF da tsayuwar farashin mai, kuma ba mu zo mu yi faɗa da kowa ba, ya riga ya koma ga Ubangijinsa tun ranar 8 ga Yuni 1998. Amma abin da ya faru ya faru. An rataye Ken Saro-Wiwa, shi ma marubuci, a Nuwamba 1995. Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. A Maris 1998 aka kwashi matasa zuwa Abuja su roƙi Janar ya zarce, a Afrilu jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista duk suka tsayar da shi shi kaɗai, ranar 1 ga Mayu kuma aka zub da jini a titunan garin nan. A ƙarshen 2017 ƙasar Suwizalan ta dawo wa Nijeriya da dala miliyan 321 daga kuɗin da aka ɓoye a zamaninsa, kuma ba shi ne na farko ko na ƙarshe ba. In muka ce don namu ne ba za mu duba ba, mun zama tumakin gandun nan da aka koya wa baiti ɗaya, duk sanda wani zai yi tambaya sai su ɓarke da shi har lokaci ya ƙure. Farar hula ma ba su bar mu a baya ba. A Janairu 2006 'yan majalisa goma sha takwas cikin talatin da biyu suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja bayan ya ɓata da Alhaji Lamidi Adedibu na Molete, sai da Kotun Ƙoli ta rushe tsigewar a Disamba ya koma kujerarsa. Shi ne aka naɗa Olubadan a 2025, Allah ya taya shi riƙo. Abin da ya cece shi a wancan lokaci rubutacciyar ƙa'ida ce da aka tarar ba a bi ba.

Mu dai baƙi ne, siyasar masu gari ba tamu ba ce sai da taka-tsantsan. Gandun da ya shafe mu shi ne wannan da muke zaune a ciki. An kafa Sabo a 1916. Abin da ya riƙe ta fiye da shekara ɗari ba katanga ba ce, amana ce. Bafatake ya taso daga Kano ko Sakkwato da garken shanu, ya sauka gidan mai gida, dillali ya sayar wa mahautan Yarabawa bashi, mai gida ya tsaya a kan kuɗin, ba takarda ba sa hannu. Goro ya tashi daga kurmi ya isa Arewa a kan kalmar mutum ɗaya. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, lokacin mutanenta ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba, ya rubuta littafi a kanmu a 1969. Ya yaba wannan tsari, ya kuma nuna cewa masu gidaje 'yan ƙalilan ne ke riƙe da masauki da ciniki da faɗa a ji gaba ɗaya. Tsarin da ya dogara ga kirkin mutum ɗaya yana da kyau matuƙar mutumin na kirki ne. Ranar da aka sami akasi kuwa babu bangon da za a je a duba.

Kuma akwai abin da ke sa al'umma irin tamu ta fi kowa saurin faɗawa hannun Maitumbi, wato tsoron waje. Ba tsoron banza ba ne. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairu 2021, rayuka suka salwanta, shaguna da gidaje suka ƙone, gwamna ya rufe kasuwa, har gwamnoni huɗu suka taso daga Arewa. Wanda ya ga wannan dole ya so haɗin kai. Amma daidai nan ne Karambana ke shigowa. Ka tashi a taro ka ce ina lissafin kuɗin da aka tara wa waɗanda gobara ta shafa, sai a ce maka kai, kana so Yarabawa su ji kanmu a rabe yake? Ka ce wa'adin shugabanni ya cika, sai a ce yanzu ba lokacin zaɓe ba ne, ana cikin wani hali. Ba mu ce wani a nan ya ci ko kwabo ba, Allah shi ne shaida, shugabanninmu sun yi ɗawainiya da aljihunsu da lafiyarsu, mun gani. Cewa muka yi ita wannan amsa, ko daga bakin wa ta fito, ita ce amsar da aka ba dabbobi a kan madara. Shugaba mai gaskiya ma lissafi kariya ce gare shi, don shi ne zai wanke shi daga bakin masu zunɗe.

Saboda haka kwamitin ilimi yana roƙon wannan taro, da izinin Sarki da malamai, ya amince da waɗannan abubuwa kafin ranar zaɓe. A buga tsarin mulkin ƙungiya da boko da ajami, a ba kowane gida kofi, har da sashen mata, don kada ya zauna a jakar mutum ɗaya. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a duk wata uku, a kuma zaɓi mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su duba rasit, ɗaya daga 'yan kasuwa ɗaya daga malaman makaranta. Taron wata-wata kada a ɗage shi sai da yardar taron kansa. Duk ɗan takarar da aka ga ya zo da yaran da ba a san iyayensu a unguwa ba, a dakatar da zaɓe sai sun fita.

Mu kuma a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin zama kowace Asabar bayan sallar La'asar a makarantar Islamiyya, za a riƙa karanta Gandun Dabbobi babi-babi da babbar murya don waɗanda ba su yi boko ba, in an gama a ɗauko Magana Jari Ce. Kofi biyu kawai muke da su, ɗaya ma bangonsa ya cire. Wanda ke da shi a gida, ko yake da mai zuwa Kano ko Zariya cikin 'yan kwanakin nan, ya ga sakatare bayan an tashi.